Sylvanus Olympio: Shugaban Togo da aka kashe kafin kuɗin ƙasarsa ya fito

A yau filin namu zai leƙa birnin Lome, domin mu kawo wa masu karatu, musamman 'yan'uwanmu na Zango da na kasuwannin bakin iyaka, tarihin marigayi Sylvanus Olympio, shugaban ƙasar Togo na farko, wanda sojoji suka harbe ranar 13 ga Janairun 1963. Akasarinmu iyakar abin da muka sani game da shi ke nan, wato yadda ya mutu. Amma mutumin nan tun daga haihuwarsa har zuwa ƙarshen ransa a tsakanin kuɗi biyu ya rayu, fam na Ingila da faran na Faransa, kuma wata guda kafin a kashe shi aka kafa dokar da za ta ba Togo kuɗin kanta. Don haka duk wanda ke cin abinci da canji tsakanin sefa da sidi, ko tsakanin sefa da Naira, labarin nan ya shafe shi.

Kafin mu kai ga haihuwarsa, ya kamata mai karatu ya san cewa shi kansa garin Lome iyaka ce ta haife shi. A wajejen 1880 Turawan Ingila da ke mulkin Gwalkwas, wato Gana ta yau, sun ɗora haraji mai nauyi a kan kayan da ake saukewa a gaɓar Keta da Denu, sai 'yan kasuwa suka matsa gabas kaɗan, suka kafa rumfunansu a inda hannun kwastan bai kai ba. Cikin waɗanda suka fara sauka a wurin akwai fataken Hausawa masu bin hanyar Salaga, waɗanda su ne tushen Zangon Lome, akwai kuma wani saurayi mai suna Octaviano Olympio, wakilin kamfanin Swanzy na Ingila, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran garin. Wannan Octaviano baffan Sylvanus ne. Kakan Sylvanus, Francisco, daga ƙasar Brazil ya zo, ya zauna a wannan gaɓa yana kasuwanci.

An haifi Sylvanus ranar 6 ga Satumban 1902 a garin Kpando, lokacin ƙasar tana hannun Jamus. Mahaifinsa Epiphanio shi ma wakilin wani kamfanin Ingila ne. Kuɗin hukuma a lokacin shi ne mak na Jamus, sai dai a kasuwa sulen Ingila yana yawo kafaɗa da kafaɗa da shi, kasancewar darajarsu kusan ɗaya ce, ga kuma wuri da ake ƙananan saye da shi a ƙauyuka. Yana ɗan shekara 11 yaƙin duniya na farko ya ɓarke, a watan Agustan 1914 sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace Togo, Ingilishi suka riƙe Lome har zuwa 1920, sannan suka miƙa wa Faransawa garin. Aka raba ƙasar biyu. Kpando, mahaifarsa, ta faɗa ɓangaren Ingila, kuma bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956 ta zama ƙasar Gana. Ke nan shugaban Togo na farko, da zai je garin da aka binne cibiyarsa, sai ya tsallaka iyaka ya canji kuɗi.

Faransawa sun sha wahala kafin mutanen Lome su karɓi faran, kuma ba taurin kai ne ya sa mutane ƙin sa ba. Kafin yaƙi faran 25 ke sayen fam ɗaya. A watan Yulin 1926 sai da fam ya kai kusan faran 240, kafin gwamnatin Faris ta tsayar da shi a wajen 124. Wanda ya sayar da shanu ya ajiye takardun faran a akwati, da wanda ya ajiye sulallan azurfa, ba su wayi gari daidai ba. Dalili ke nan da ya sa fatake da matan kasuwa suka ci gaba da ƙulla ciniki da sule, duk da cewa tun 1924 hukuma ta bugo tsabar faran mai ɗauke da sunan Togo.

A cikin waɗannan shekaru Sylvanus yana Landan, inda ya yi karatu a shahararriyar makarantar nazarin tattalin arziki ta birnin, har ya kammala. Ya fara karatunsa ne a makarantar mishan ta Jamusawa a Lome, don haka ya tashi yana jin Jamusanci da Ingilishi da Faransanci, ban da harshen Ewe na gida. Da ya dawo sai ya kama aiki da kamfanin da a 1929 ya zama UAC, kamfanin nan da iyayenmu suka sani a cinikin gyaɗa a Kano, wanda Alhaji Alhassan Ɗantata ya yi wa wakilci. Ya yi aiki a Legas, ya yi a Hohoe, sannan a shekarun 1930 aka ɗora shi a kan dukkan harkokin kamfanin a Togo, muƙamin da a wancan zamani da wuya baƙar fata ya taka. Aikinsa shi ne ya sayi koko da kwakwa da auduga da faran, ya shigo da atamfa da sauran haja da aka biya da fam, ya kuma yi wa iyayen gidansa na Landan lissafi. Duk motsin da farashin canji ya yi, a littafinsa yake fara bayyana.

Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, hukumar Togo ta bi gwamnatin Vichy, wadda ba ta ga maciji da Ingila. Aka rufe iyakar Aflao. Mutum yana Lome gonarsa tana tsallake, ko matarsa tana Keta shi yana Lome, ba damar wucewa, balle a yi maganar fita da kuɗi. Shi kuwa Olympio, ma'aikacin kamfanin Ingilishi mai karatun Landan, ai ba sai an faɗa ba, zargi ya hau kansa. A 1942 aka kama shi aka kai shi Djougou a arewacin Dahomi, garin da ayarin goro ke yada zango a kan hanyar Gwanja, aka tsare shi a can. Daga wannan ɗauri bai sake kallon Faransa da idon aminci ba.

Bayan yaƙi sai ya tsunduma siyasa a jam'iyyar CUT, wadda attajiri Augustino de Souza ke shugabanta, ya zama shugaban majalisar yankin a 1946. A ƙarshen 1947 ya tafi Amurka ya tsaya gaban kwamitin riƙon amana na Majalisar Ɗinkin Duniya yana kai kukan al'ummar Ewe da iyaka ta raba. Masu karanta tarihi sun fi riƙe ɓangaren ƙabila na wannan kuka, amma cikin abubuwan da aka kai ƙara akwai shingayen kwastan da dokokin canji da suka hana mutane kai amfanin gonarsu kasuwar da suka saba. Wannan ya sa matan babbar kasuwar Lome suka rungumi jam'iyyarsa, suka ɗauki nauyinta da kuɗinsu. Faransa ta matsa wa UAC, kamfanin ya mayar da shi ofishinsa na Faris don a raba shi da siyasa, shi kuma ya ajiye aikin ya dawo gida.

To, a nan ne abin da 'yan canji za su fi ganewa ya faru. A 1954 hukumar Faransa ta gurfanar da shi bisa zargin keta dokar canjin kuɗi tsakanin Togo da Gwalkwas, aka ci shi tara mai nauyi, aka kuma hana shi jefa ƙuri'a da tsayawa zaɓe. Mu dai a ganinmu, da za a bi wannan doka gida-gida a Lome ta wancan lokaci, da Zango da babbar kasuwa ba wanda zai kwana a ɗakinsa, domin garin da ke jingine da iyaka ba ya rayuwa da kuɗi ɗaya. Amma shi aka nema, shi aka samu. Surukinsa Nicolas Grunitzky, ɗan'uwan matarsa Dina, wanda Faransa ta fi natsuwa da shi, ya zama firayim minista a 1956. Sai dai a zaɓen 27 ga Afrilun 1958, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido a kai, CUT ta lashe kujeru 29 daga cikin 46, dole aka yafe wa Olympio hukuncin, aka kira shi ya kafa gwamnati. Ranar 27 ga Afrilun 1960 Togo ta samu 'yancin kai.

Yanzu bari mu tsaya mu yi lissafin kuɗin da ya gada. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disambar 1945, a kan sefa ɗaya faran 1.70 na Faransa, a 1948 aka mayar da ita faran 2. Tun daga nan aka ɗaure ta a ƙugun faran, inda ya faɗi nan take faɗuwa. A 1950 fam ɗaya sefa 490 ne a farashin hukuma. A 1957 Faransa, wadda yaƙin Aljeriya ke cinye mata dukiya, ta karya darajar kuɗinta, fam ya koma sefa 588. A watan Disambar 1958 Janar de Gaulle ya sake karyawa, fam ya kai sefa 691. Wato a cikin shekara takwas, Alhajin da ke sayo goro a Kumasi da fam ya kawo Lome ya sayar da sefa, sai da ya ƙara kusan dala 40 a kan kowane fam, dala irin tamu ta sefa biyar muke nufi, alhali ba fari aka yi a Togo ba, ba kuma wani a Lome aka tambaya ba. Babban bankin da ke buga kuɗin, wato BCEAO, hedikwatarsa a Faris take, kuma a can ta zauna har 1978 da aka dawo da ita Dakar. Kuɗin waje da ƙasar ta samu daga koko da kofi kuwa, a baitulmalin Faransa ake ajiye su.

A ɗaya gefen kuma fam ɗin da aka saba da shi ya fara rarrabuwa. Tun 1912 kuɗi ɗaya ake kashewa daga Banjul har Maiduguri, wanda wata hukuma a Landan ke bugawa. A 1958 Kwame Nkrumah ya fitar da fam na Gana, a 1959 Najeriya ta fitar da nata. Da farko duk darajarsu ɗaya da na Ingila, amma a 1961 Gana ta kafa dokar taƙaita canji da lasisin shigo da kaya, daga nan farashin banki ya kama hanyarsa, na bakin iyaka ya kama tasa. Ga kuma rashin jituwa tsakanin Nkrumah da Olympio, wanda ya samo asali daga batun yankin Togon Ingila da kuma burin Nkrumah na haɗe Togo da Gana. Kowanne ya ba abokan hamayyar ɗaya mafaka, aka yi ta rufe iyakar Aflao, wadda daga tsakiyar Lome tafiyar ƙafa ce.

Olympio mutum ne mai tsumulmular dukiyar gwamnati, har abokan hamayya na yi masa kallon marowaci. Ya yi imani cewa ƙasar da ke roƙon Faransa ta cike mata giɓin kasafi ba ta da bakin neman kuɗin kanta, don haka ya matse albashi, ya hana ɗaukar ma'aikata barkatai, ya bar rundunar soja a kan mutum wajen 250. Ya nemi abokai a wajen Faransa. Jamus ta Yamma ta ɗauki nauyin gina tashar jiragen ruwa ta Lome, aka aza harsashinta a watan Nuwambar 1962, tashar da daga baya ta zama ƙofar shigar kayan Yamai da Wagadugu. A watan Maris na shekarar ya ziyarci Shugaba Kennedy a Amurka. Tun 1961 kuma aka fara fitar da ma'adinin fosfat, wanda ake takin zamani da shi, abin da ya sa ya ga cewa ƙasar za ta samu kuɗin waje da za ta tsaya da ƙafarta.

Ya ga abin da ya samu waɗanda suka riga shi. Gini ta fita daga sefa ranar 1 ga Maris 1960, jami'an leƙen asirin Faransa suka buga jabun kuɗinta suka watsa a ƙasar, abin da wasu daga cikinsu suka amsa da kansu bayan shekaru. Mali ta fitar da nata faran a watan Yulin 1962, 'yan kasuwar Bamako suka yi zanga-zanga, aka ɗaure manyan mutane. Shi sai ya bi ta lallami. A watan Mayun 1962 ƙasashen yankin suka ƙulla yarjejeniyar kuɗin bai ɗaya ta UMOA, Togo ba ta shiga ba, ta zauna teburin shawara da Faransa ita kaɗai. Abin da ya nema shi ne Togo ta samu babban bankinta da kuɗinta, ba tare da an yanke igiyar da ke tsakaninta da faran gaba ɗaya ba. Ranar 12 ga Disambar 1962 aka kafa dokar babban bankin Togo da faran na Togo.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka waliyyi muke ba shi labari. A zaɓen Afrilun 1961 an hana 'yan hamayya tsayawa, ya zama shi kaɗai ne ɗan takara. An ɗaure wasu, ciki har da shugabannin Juvento, ƙungiyar matasan da ta yi gwagwarmaya tare da shi, wasu kamar Antoine Meatchi suka tsere Gana, Grunitzky ya koma Dahomi. Mutanen arewacin ƙasar kuma suna ganin gwamnatin ta 'yan gaɓar teku ce. A cikin wannan hali ne ɗaruruwan 'yan Togo da suka yi wa Faransa yaƙi a Indocina da Aljeriya, akasarinsu 'yan arewa, suka dawo gida aka sallame su, suka nemi a ɗauke su soja, ya ƙi, saboda kasafi ba zai ɗauka ba.

Daren Asabar wayewar Lahadi 13 ga Janairun 1963, wasu daga cikin waɗannan tsofaffin sojoji suka far wa gidansa. Ya tsallaka katanga ya shiga harabar ofishin jakadancin Amurka da ke maƙwabtaka da shi, ya ɓuya a cikin wata mota. Da gari ya waye aka fito da shi aka harbe shi a bakin ƙofar ofishin, jakadan Amurka Leon Poullada ya tarar da gawarsa. Yana da shekara 60. Saje Etienne Eyadema ya shaida wa 'yan jarida a lokacin cewa shi ya harbe shi, daga baya ya musanta. Iyalansa da magoya bayansa sun daɗe suna zargin da hannun Faransa, suna kafa hujja da batun kuɗin, kuma ba a taɓa gurfanar da kowa a kan kisan ba. Shi ne shugaban ƙasa na farko da sojoji suka kashe a juyin mulki a Afirka bayan 'yanci, abin ya girgiza shugabanni har kujerar Togo ta zauna ba kowa a taron kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a watan Mayun shekarar. An binne shi a Agoue, garin kakanninsa a Dahomi, ɗan nesa kaɗan da iyakar Hilakonji.

Sojoji suka kira Grunitzky ya karɓi mulki. A watan Yuli ya sa hannu a yarjejeniyoyin haɗin kai da Faransa, ranar 27 ga Nuwambar 1963 Togo ta shiga UMOA. Faran na Togo ko takarda ɗaya ba a kashe ba. Abin da ƙasar ta samu shi ne harafin T da ake bugawa a jikin takardar sefa, kamar yadda Nijar ke da H, Binin ke da B.

Da ya yi rai, da kuɗinsa ya tsaya ko da ya bi sawun na maƙwabta? Masu cewa gara da aka zauna a sefa, Gana suke nunawa. A 1965 ta sauya fam da sidi, a Fabrairun 1967 ta fitar da sabon sidi wanda ya kai sefa 345, kafin watan Yuli ya fita an karya shi ya dawo wajen 242. A Disambar 1971 Busia ya sake karya shi, sojoji suka kifar da shi ranar 13 ga Janairun 1972, ranar da ta yi daidai da ta Olympio, kuma daidai da ranar da Eyadema ya ture Grunitzky a 1967. Daga 1978 zuwa 1983 hukuma na cewa Dalar Amurka sidi 2.75 ce, a bayan fage ta haura sidi 60, koko ya yi ta tsallakowa Togo ta daji don a sayar da shi da sefa. Kafin a yanke wa sidi sifiri huɗu a Yulin 2007, jaka ɗaya ta sefa tana sayen kusan sidi 19,000. Naira ma da ta fito a 1973 ta fi sefa 300 a farashin hukuma, amma a 2024 sefa ɗaya ta fi Naira biyu. Wannan tazara ita ta mayar da Lome kasuwar sari ta yankin, ita ta ɗaga matan nan masu atamfa da ake kira Nana Benz, kuma Zango ya ci rabonsa, musamman bayan Busia ya kori baƙi a Nuwambar 1969, 'yan'uwanmu da dama suka tsallako Aflao suka sauka a gidajen fatoma.

Masu goyon bayan Olympio kuma ranar 12 ga Janairun 1994 suke nunawa, ranar da aka wayi gari faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, bayan wani zama da aka yi a Dakar tare da wakilan Faransa da na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Wanda ya ci bashin kaya daga waje, bashinsa ya ninka a dare ɗaya, kamar dai yadda aka yi wa mai goron 1958, sai dai wannan ya fi zafi. Daga 1999 aka ɗaure sefa a jikin Yuro a kan 655.957. A Disambar 2019 aka sanar a Abijan cewa an daina tilasta ajiye rabin kuɗin waje a baitulmalin Faransa, kuɗin bai ɗaya na Eco kuwa da aka yi ta ɗage ranarsa, a 2021 aka sa masa 2027.

Shi kuwa tsohon Zangon Lome, wanda ya ga wuri da mak da sule da faran duk sun wuce ta hannunsa, a 1977 gwamnatin Eyadema ta rushe shi, aka kwashe mutanensa zuwa Agoe, kimanin kilomita 15 arewa da gari. A filin da aka tashe su aka gina manyan benayen banki, ciki har da na BTCI.